Shirun wa ake ƙirgawa? Fashin baƙi kan rufe rahotannin matsala da suka yi kwantai a buɗaɗɗun manhajoji

Duk wanda ya taɓa kai rahoton matsala a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub, shafin intanet da masu gina manhajoji suke ajiye aikinsu a ciki, da wuya a ce bai san wannan saƙon ba. Ka zauna ka rubuta rahotonka tsaf, ka faɗi abin da ka danna da abin da ya biyo baya, ka haɗa da hoton allo, ka tura. Wata biyu babu wanda ya ce uffan. Rannan sai ga imel, ka buɗe da ɗoki kana zaton an duba, ashe ba mutum ba ne. Bot ne, wato ƙaramar manhaja mai aiki da kanta, yake sanar da kai cewa tunda an daɗe ba a ji motsi a kan rahoton ba, an sa masa alamar wanda ya yi kwantai, kuma idan mako guda ya wuce a haka za a rufe shi. Ita kuwa matsalar tana nan a kwamfutarka, ko gezau.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar lambobin da aka gina ta da su a fili, kowa yana da damar karantawa da gyarawa da rabawa. Linux da Firefox da VLC da LibreOffice duk irinta ne, kuma ko wayar Android da ke hannunka a kan irin wannan harsashi aka ɗora ta. Kusan kowace irin wannan manhaja tana da kundi a intanet inda masu amfani suke shigar da matsalar da suka gani, kowane rahoto da lambarsa, ko dai yana buɗe ko an rufe shi. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu wannan harka ita ce: rahoton da ya yi watanni ko shekaru babu wanda ya taɓa shi, a rufe shi ko a bar shi? Daga nesa kamar ƙaramar maganar tsari ce. Amma a cikinta akwai batun haƙƙin mai aikin sa kai, da darajar lokacin wanda ya kawo rahoto, da kuma ko kundin zai riƙa faɗin gaskiyar halin da manhajar take ciki.

Bot ɗin da ya yaɗa wannan al'ada ya fito a 2017, cikin wasu ƙananan manhajojin taimako da ake kira Probot. Idan mai shi bai canja komai ba, ƙa'idarsa ita ce kwana 60 na shiru sai a sa alama, kwana 7 bayan nan sai a rufe. Alamar da yake liƙawa tun asali ma tana nufin "ba za a gyara ba", alhali babu wani ɗan Adam da ya zauna ya yanke wannan hukunci. Daga baya aka daina kula da wancan, wani da GitHub yake rabawa da kansa ya gaje shi, da lissafi iri ɗaya na 60 da 7.

Kubernetes, wadda manyan kamfanoni suke tafiyar da sabobinsu (manyan kwamfutocin da ke riƙe da ayyukansu na intanet) da ita, tana da nata tsarin mai hawa uku. Kwana 90 babu motsi, rahoto ya yi kwantai. Ƙarin kwana 30, a ce ya ruɓe. Wasu kwana 30 kuma, a rufe. Jimilla kwana 150. Wanda ba ya son a rufe sai ya rubuta /remove-lifecycle stale a ƙarƙashin rahoton, agogo ya koma farko. In ka buɗe wasu tsofaffin rahotanni a can za ka ga abin da wannan ya haifar: bayanin matsalar yana can sama, a ƙasa kuma jerin gwano ne na bot ya yi gargaɗi, mutum ya cire alama, bayan wata uku bot ya dawo, wani mutumin ya sake cirewa, haka har shekaru. Wanda ya zo neman mafita sai ya yi ta gangarawa yana tsallake wannan musayar kafin ya tarar da jimla ɗaya mai amfani.

Kafin a ga laifin masu kunna bot, ya kamata a tsaya a inda suke tsaye. Binciken da kamfanin Tidelift ya yi a 2023 da 2024 ya nuna kusan kashi 60 cikin ɗari na masu kula da buɗaɗɗun manhajoji ba a biyan su ko sisi, kuma kusan adadi irin wannan sun taɓa ajiye aikin ko sun yi tunanin ajiyewa. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a 2014, duniya ta farga cewa OpenSSL, wadda take tsare sirrin shafukan intanet bila adadin, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce dala dubu biyu ba. Mutum ne ya dawo daga wurin aikin da yake ci da iyalinsa, ya ci tuwo, yara suka kwanta, ya buɗe kwamfuta don ya ba manhajarsa awa ɗaya, sai ya tarar da rahoto ɗari takwas suna jiransa. Bai ɗauki albashin kowa ba, bai yi wa kowa alkawari ba, lasisin manhajar ma ya faɗa ƙarara cewa an ba da ita ne yadda take, babu lamuni. Duk da haka lambar nan da ke saman shafi tana kallonsa kamar bashi.

Kuma gaskiya ne yawancin tsofaffin rahotanni matattu ne. Wani an rubuta shi a kan sigar da aka daina amfani da ita shekara huɗu da suka wuce. Wani jimla ɗaya ce tak, "ba ya aiki", babu bayanin na'ura, babu matakan da za a bi a ga matsalar. Wani tambaya ce ta wanda bai karanta littafin jagora ba. Wani kuma an gyara shi tuntuni a garin gyara wani abu daban, ba wanda ya tuna ya dawo ya rufe. Ga masu zuwa su rubuta "+1", wato su ma sun gani, su tafi, abin da ya kai ga wasu masu kula da manhajoji suka rubuta wa GitHub buɗaɗɗiyar wasiƙa a Janairun 2016 suna kuka da shi, har kamfanin ya kawo maɓallan nuna goyon baya a watan Maris na shekarar. Idan tarkace ya cika kundi, rahoto mai hatsari yakan ɓace a tsakiya, sabon ɗan sa kai kuma da ya leƙo da niyyar taimakawa sai ya ja da baya.

Akwai ma abin da ya fi gajiya muni. Manhajar xz, mai matse fayiloli, kusan babu kwamfutar Linux da ba ta ciki, amma shekara da shekaru mutum ɗaya ne yake riƙe da ita, Lasse Collin na ƙasar Finlan. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka yi masa caa, suna cewa gyare-gyaren da aka turo sun yi ta zama ba a duba ba, aikin ya tsaya cik, ya kamata ya miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa yana fama da rashin lafiya, kuma wannan aiki ne na sha'awa da ba a biyansa. A ƙarshe ya ƙara wa wani mai amfani da sunan Jia Tan iko, shi kuwa ya dasa ƙofar ɓoye ta kutse cikin kwamfutoci a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Allah ya sa Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, manhajar adana bayanai, ya gano abin a ƙarshen Maris na 2024 kafin ya bazu. Tarin aikin da ba a yi ba shi ne sandar da aka doki Collin da ita. Saboda haka idan mai kula da manhaja ya ce yana son ya rage nauyin da ke kansa, ba lalaci yake nufi ba, kuma ban yarda a yi masa gori ba.

Hujjar rufewa tana da tsohon tushe a duniyar kamfanoni. Joel Spolsky, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhajoji, ya yi rubutu a 2012 yana cewa tulin rahotanni kaya ne da ke kwance a sito suna cin kuɗi, ya ba da shawarar kada a bari su wuce abin da za a iya gyarawa cikin mako biyu. A kamfani wannan magana ce mai ma'ana. An san yawan ma'aikata, an san awannin da ake da su, kundin kuma jadawalin aiki ne: abin da ba za a yi ba, babu dalilin ajiye shi a jadawali. Sai dai buɗaɗɗiyar manhaja ba ta san yawan ma'aikatanta ba. Wanda zai gyara matsalar yau mai yiwuwa bai taɓa jin sunan manhajar ba a bara. Kuma kundinta ba na masu kula kaɗai ba ne, dubban mutane suna shigowa ta Google suna neman ko wani ya taɓa ganin abin da suke gani, da dabarar da ya yi ya kauce masa.

A nan ne nake ganin aka cakuɗa abubuwa biyu. Shiru a kan rahoto iri biyu ne, kuma bot mai ƙirga kwanaki ba ya bambance su. Akwai shirun mai rahoto: an tambaye shi wace siga yake amfani da ita, an ce ya turo fayil ɗin da ya jawo matsalar, ya ɓace. Akwai kuma shirun masu kula: rahoto cikakke ne, wasu mutum uku sun tabbatar sun ga abin, babu sauran abin da za a ƙara, gyara kawai ake jira. Na farko idan an rufe shi an yi daidai, domin ba a iya gyara abin da ba a gani ba. Na biyu kuwa shirunsa alama ce ta cewa rahoton ya kammala. Kamar a asibiti ne a ce duk majinyacin da ya yi wata biyu fayil ɗinsa bai motsa ba a rubuta an sallame shi, ba tare da an duba ko shi ne ya daina zuwa ko kuwa likita ne bai kai ga kiran sunansa ba.

Abin mamaki, tsofaffin ayyuka sun gane wannan bambanci tun kafin a haifi bot ɗin GitHub. A Launchpad, inda Ubuntu, wani nau'in Linux, take ajiye rahotanninta, agogon kwana 60 ba ya fara tafiya sai wani ya duba rahoto ya sa masa matsayin "bai cika ba", wato ana jiran ƙarin bayani daga mai shi. Idan kwana 60 suka cika bai amsa ba, rahoton ya faɗi da kansa. Wanda aka tabbatar da shi kuwa agogo ba ya taɓa shi. Lamba ɗaya ce da ta Probot, amma a nan mutum ne ya fara magana, aka ƙirga kwanakin da aka yi ba a ba shi amsa ba.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na curl, ƙaramar manhajar tura bayanai da take cikin wayoyi da motoci da talabijin, wadda Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin yake jagoranta tun 1998. Su ba sa jin nauyin rufe rahoto. A rubuce yake a ƙa'idarsu cewa idan an nemi ƙarin bayani ba a samu ba za a rufe, bayan jiran da bai gaza mako biyu ba, kuma kundinsu na abin da ake aiki a kansa ne kawai. Amma idan matsala ta tabbata gaskiya ce, kuma babu mai hannun gyara ta yanzu, kafin a rufe sai a kwashe ta a rubuta a wata takarda mai suna KNOWN_BUGS, wato jerin matsalolin da aka sani, wadda take tafiya tare da manhajar kowa ya gani. Sun sami kundi mai tsafta, ba su kuma ɓoye aibinsu ba. Kuɗin wannan tsari shi ne sai mutum ya karanta kowane rahoto ya yanke hukunci, abin da bot aka kawo shi don a guje wa.

Rikicin ya girmi GitHub. A 2003 Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina burauzar Netscape, ya yi wani gajeren rubutu mai zafi da har yau ake ambato. Ya kai rahotanni a kan GNOME, manhajar da ke tsara fuskar allo a Linux, suka zauna fiye da shekara ba a kula ba, sai aka sake rubuta manhajar aka fitar da siga ta 2, aka bi tsofaffin rahotanni aka rufe, aka ce wanda matsalarsa take nan ya sake shigarwa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne an mayar da dukan wahalar kan wanda ya riga ya yi nasa aikin. Fedora, wani nau'in Linux, ita ma tana yin makamancin haka har yanzu: kowace siga tana da rai na kusan wata 13, idan ta ƙare sai a rufe rahotannin da ke kanta, bayan an aika gargaɗi cewa wanda har yanzu yake ganin matsalar ya mayar da rahoton kan sabuwar siga. Wannan ina iya yi masa uzuri, tunda akwai dalili na zahiri, manhajar da aka yi ƙorafi a kanta ta canja. Amma mutumin da ya yi wannan sauyin sau uku ko huɗu ba tare da ɗan Adam ya taɓa ce masa sannu ba, a karo na biyar ba zai dawo ba, kuma rahoto na gaba da ya kamata ya kai ba zai kai ba.

A watan Yunin 2002 wani ya shigar da rahoto mai lamba 148624 a kundin Mozilla, masu burauzar Firefox, lokacin ko Firefox ɗin ba a fitar ba. Matsalar ƙarama ce. Idan ka ɗora manunin linzami a kan wani maɓalli, ɗan akwatin bayani yakan fito. To idan ka bar manunin a wurin ka tsallaka zuwa wata manhajar da madannai, sai akwatin ya ƙi tafiya, ya maƙale a saman duk abin da kake yi, sai ka koma burauzar ka motsa linzami kafin ya ɓace. Ba ta ɓata fayil, ba ta buɗe ƙofa ga ɓarayi, tsabar ban haushi ce kawai, shi ya sa kullum akwai abin da ya fi ta gaggawa. Shekaru suna wucewa, mutane suna zuwa jefi-jefi suna cewa sun gan ta a Mac, sun gan ta a Linux, ana haɗe sababbin rahotanni masu kama da ita a ƙarƙashin tsohon. A 2023 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, wanda yake ɗan ƙaramin yaro lokacin da aka rubuta rahoton, abin ya ishe shi. Bai taɓa ba Firefox gudummawa ba. Ya nemo inda ake nuna akwatin, ya sa a riƙa duba ko tagar burauzar ce ke gaba kafin a nuna shi, wani injiniyan Mozilla ya taimaka aka daidaita gyaran, ya fito a Firefox 119.

Mozilla tana da ma'aikata masu albashi, don haka ba a ce kowane ɗan sa kai ya yi koyi da ita ba. Labari ɗaya kuma ba ya nuna cewa duk tsohon rahoto zai sami mai gyara shi, akasari ba za su samu ba. Abin da labarin ya nuna shi ne zaman rahoton a buɗe shekara 21 bai ci wa kowa komai ba, kuma ya yi aiki duk tsawon lokacin. Duk wanda ya ga matsalar ya sami wuri ɗaya da zai je, ya san ba shi kaɗai ba ne, ya san an sani. A ƙarƙashin ƙa'idar 60 da 7, da tun a 2002 aka rufe shi, bayanan da suka taru a wuri ɗaya kuma da sun warwatse cikin rahotanni barkatai, kowanne ana buɗe shi ana rufewa. Masu kula ma ba su huta ba ke nan, domin matsalar da aka rufe ba a gyara ba takan dawo da sabuwar lamba, a sake karanta ta daga farko.

Wa ya fi cutuwa da agogo? Matsalar da ta shafi mutum miliyan ba ta taɓa yin shiru, kullum akwai mai shigowa ya yi magana. Wadda take yin shiru ita ce ta 'yan tsiraru: makaho mai amfani da manhajar karanta allo, mai tsohuwar kwamfuta, mai intanet da ke yankewa, da mai rubutu da harshen da masu kula ba su sani ba. Mu masu rubutu da Hausa mun san wannan a jikinmu. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna cikin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, tun da daɗewa, amma har yau kana iya buɗe takarda ka ga ƙ ta fito da siffa daban da sauran haruffan kalmar, ko ta zama ɗan akwati fanko, ko ka jera sunaye bisa haruffa ka tarar da Ɗanladi ya faɗa can ƙarshe bayan Zainab. Na ajami kuwa sai wanda ya gwada. Idan wani a Zinder ko Kano ya daure ya rubuta rahoto da Turancin da ba harshensa ba, ba lallai a sami mutum na biyu da zai zo ya ce shi ma ya gani cikin wata biyu ba. Idan kuma gargaɗin bot ya zo a makon da babu data ko babu wuta, kwana bakwai sun wuce kafin ya gani.

Sannan tsarin yana koya wa mutane mummunar ɗabi'a. Wanda ya yi haƙuri ya yi shiru don kada ya dami 'yan sa kai, nasa rahoton ake rufewa. Wanda yake dawowa kowane wata yana tambayar ina aka kwana, nasa yana nan da rai. Wato an kawo bot don a rage hayaniya, shi kuma yana saka wa mai hayaniya. Drew DeVault, wanda ya kafa SourceHut, wani shafi mai kama da GitHub, ya yi rubutu a Oktoban 2021 yana kiran bot ɗin abu mai cutarwa, kuma jigon maganarsa shi ne a daina kallon kundin a matsayin jerin aikin da dole mai kula ya gama, a kalle shi a matsayin wurin da masu amfani suke haɗuwa su taimaki juna. Na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari. Rabi na biyu yana da sauƙin faɗa, amma kundin da babu mai share shi yakan zama juji, kuma ba kowane mai kula ne yake da zuciyar da zai ga dubu biyu a saman shafi ya kwana lafiya ba.

Abin ya fi ciwo idan ba rahoto aka kawo ba, gyara aka kawo. Mutum ya kashe ƙarshen makonsa ya rubuta faci, ya turo, yana jiran a duba. Babu wanda ya duba. Bot ya zo ya rufe. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya bi manyan buɗaɗɗun manhajoji 20, ya gano cewa bayan kunna bot an rage tarin gyare-gyaren da ke jira a watannin farko, an kuma riƙa yanke hukunci da sauri, amma yawan masu ba da gudummawa ya ragu sosai. Aikin da ƙarancin hannu ne babbar cutarsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mai turo faci shi ne mutumin da wataƙila zai zama mai kula na gaba.

Ya kamata kuma a raba rufewa da kullewa. Rahoton da aka rufe ana iya ci gaba da magana a ƙarƙashinsa, wani ya ce har yanzu tana nan, wani ya kawo dabarar kaucewa. Wanda aka kulle kuwa bakin kowa ya rufu. Wasu ayyuka suna haɗa biyun, bot ɗaya ya rufe, wani ya biyo baya ya kulle, sai mai matsala ya iso ya tarar da ainihin abin da yake nema amma ba shi da ikon ƙara ko kalma. Debian, ita ma nau'in Linux, wadda kundinta yake aiki da imel tun 1994, ba ta rufe rahoto don tsufa kawai. Tana da alamomi na "ana neman ƙarin bayani" da "an kasa ganin matsalar" da "ba za a gyara ba", mutum ne yake sa su, kuma sai an rufe rahoto da kwana 28 ake kai shi ma'ajiya, inda ake iya ciro shi idan buƙata ta taso. GitHub ma a 2022 ya kawo zaɓin rufewa da dalilin "ba a shirya yi ba", daban da "an kammala". Kafin nan, rahoton da aka gyara da wanda aka yi watsi da shi kamanninsu ɗaya ne ga mai dubawa.

"Ba za mu yi ba" amsa ce mai mutunci, kuma ɗan sa kai yana da cikakken haƙƙin ba da ita ba tare da dogon bayani ba. Ya ce wannan ya fita daga manufar aikin, ko ya ce matsalar gaskiya ce amma ba shi da lokaci, wanda ya kawo faci za a duba. Mai rahoto ya san matsayinsa, ya nemi wata manhajar, ko ya gyara da kansa, ko ya biya wani ya gyara. Abin da nake ƙi shi ne a sa agogo ya faɗi "a'a" ɗin da mutum yake jin nauyin faɗa, sannan a rubuta dalilin da cewa "babu motsi", kamar laifin mai rahoto ne. Yanzu da rahotannin bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira suka fara cika kundaye, abin da Stenberg yake kuka da shi tun farkon 2024, masu kula suna buƙatar ƙarin 'yancin rufewa da sauri. Amma wannan ma aiki ne na ido, domin rahoton bogi ba ya jiran kwana 60, a ranar da ya zo yake cinye lokaci.

Mai kai rahoto shi ma akwai nasa. Idan an tambaye ka, ka amsa. Idan sabuwar siga ta fito, ka gwada ka dawo ka faɗi ko matsalar tana nan, da lambar sigar, wannan jimla ɗaya ta fi "ina aka kwana" goma amfani. Idan ka ga ta warware, ka rufe da hannunka. Wanda kuma yake son taimakon wata manhaja amma bai iya rubuta lambobi ba, tantance tsofaffin rahotanni aiki ne da kusan kowa zai iya: ka ɗauki guda biyar, ka bi matakan da aka rubuta, ka faɗi wanda har yanzu yake faruwa da wanda ya daina, ka haɗa masu kama da juna.

Ga mai kula da ya gaji kuma yake son bot, ba sai ya zaɓi tsakanin agogo makaho da juji ba. Nixpkgs, babban rumbun manhajoji na NixOS, wani nau'in Linux, ya daɗe yana sa alamar kwantai bayan kwana 180 ba tare da rufewa ba, wanda ba ya son ganin tsofaffi sai ya tace su daga allonsa, rahoton kuma yana nan ga mai nema. Shi kansa bot ɗin da GitHub yake rabawa yana da waɗannan zaɓuɓɓuka a cikinsa. Akwai only-labels, wanda yake hana shi taɓa komai sai rahoton da mutum ya sa wa alamar ana jiran amsar mai shi. Akwai exempt-issue-labels, wanda yake kare waɗanda aka tabbatar. Idan kuma aka sa days-before-close a kan -1, zai sa alama ya tsaya a nan, ba zai rufe ba. Layi biyu ko uku ne a fayil ɗin saiti, amma da yawa suna kwafo saitin asali su liƙa yadda suka same shi.